John Garand, Makanikin Da Ya Ƙera Bindiga Mai Ɗura Kanta

Mutumin da za mu ba da labarinsa yau ba sarki ba ne, ba kuwa janar ba. Ma'aikacin Gwamnati ne mai jiran albashinsa, amma bindigar da ya ƙera ita sojan Amurka suka riƙe a Yaƙin Duniya na Biyu da yaƙin Koriya. Sunansa John Garand.

An haife shi ran 1 ga Janairu 1888 a St. Rémi, cikin lardin Kwibek na ƙasar Kanada, inda Faransanci ake ji. Su goma sha biyu ne wurin ubansu. Da uwarsu ta rasu, sai uban ya kwashe su zuwa jihar Connecticut ta Amurka. Tun yaron bai balaga ba aka sa shi shara a wata masaƙa. Nan ya koyi Turanci, nan kuma ya riƙa zura ido ga masu gyaran injuna har ya zama ɗayansu. A 1909 ya sami aiki a kamfanin Brown and Sharpe, masu ƙera kayan awo na ƙarfe, inda kuskuren da bai kai kaurin gashi ba yakan ɓata aiki. Abin sha'awarsa kuwa in ya tashi aiki shi ne harbin bara.

Bindigar soja ta zamanin nan, irin wadda sojan Nijeriya suka riƙe a yaƙin Bama, mai sakata ce. Kowane harbi sai mutum ya ja sakata baya, kwanso ya fita, sa'an nan ya tura ta gaba wani harsashi ya shiga. Kafin ya gama, idonsa ya bar abin da yake bara. Saboda haka hukumar sojan Amurka ta so bindiga wadda za ta ɗura kanta, amma ba ta zuba harsashi kamar bindiga mai ruwa ba, watau jan kunama ɗaya, harsashi ɗaya.

A 1919 aka ɗauki Garand aiki a ma'aikatar makamai ta Gwamnati da ke Springfield. Bindigarsa ta farko ta dogara ne ga ɗan motsin da gindin harsashi ke yi in an harba. Ya yi shekaru yana fama da ita, sai hukuma ta sake irin harsashinta, aikin nan duka ya tashi a banza. Bai yi zuciya ba, ya sake sabon lale. Wannan karon hayaƙin albarushi ya sa aiki: hayaƙin da ya kori harsashi shi zai tura wata sandar ƙarfe baya, ita kuma ta buɗe sakata.

A 1932 kwamitin gwaji ya fifita tasa bisa ta abokin gasarsa John Pedersen, duka biyun kuwa na cin ƙaramin harsashi mai kaurin inci 0.276. Amma Janar MacArthur, shugaban hafsoshin soja, ya ƙi, domin rumbunan Gwamnati cike suke da harsashi mai inci 0.30. Garand ya riga ya tanadi wata mai cin wannan. Ran 9 ga Janairu 1936 aka karɓe ta, aka sa mata suna M1. Harsashi 8 take ɗauka a ɗuri guda.

To, a nan ya kamata mu bayyana yadda ake gwada saitin bindiga. Akan kafa ta bisa wani abu da ba ya motsi, a harba harsashi da dama ga allo ɗaya daga nisan yadi 100, sa'an nan a auna tazarar hudojin. In sun taru wuri guda, bindiga ta yi kyau ko da ba su sami tsakiya ba, gama ana iya juya saiti. In kuwa sun warwatsu, aibin yana jikin bindigar. Saitin baya na M1 yana da makunni biyu, kowace ɗanawa ɗaya tana gusar da harsashi wajen inci ɗaya a yadi 100.

A 1939 aka kai bindigar gasar harbi ta ƙasa a Camp Perry, jihar Ohayo, aka ba gwanayen harbi su taɓa. Ba su ji daɗinta ba ko kaɗan. Jaridu suka ɗauka, waɗansu 'yan Majalisa suka ce a koma ga bindigar wani mai suna Melvin Johnson. Aikin shekara ashirin ya zo bakin rami.

Da aka bincika, aibi biyu ne manya. Na farko, wata hula da ke bakin bindigar don tare hayaƙi takan cika da kunkunniya ta yi sako-sako, ga shi kuwa saitin gaba bisa kanta yake. Na biyu, bindigar takan cije a harsashi na bakwai, dalili kuwa wajen ƙira an datse wani ɗan tudun ƙarfe a cikinta wanda ke cikin samfurin Garand na asali. Aka mayar da tudun. Hular kuwa, Garand ya cire ta, ya huda ƙaramar kafa a ƙarƙashin bututun kusa da baki, hayaƙi ya riƙa bi ta nan. Daga 1940 haka aka riƙa ƙera ta. A ƙarshen shekarar aka sake gwaji a San Diyego, cikin rairayi da taɓo da ruwan teku. Tsohuwar mai sakata ta fi ta jimiri, amma cikin masu ɗura kansu ita ta zo ta ɗaya.

Kafin yaƙi ya ƙare a 1945 an ƙera wajen miliyan 4, jimilla kuwa ta wuce miliyan 5. Gyara bai tsaya nan ba. Daga 1953 ma'aikatar Springfield ta riƙa fitar da irin ta gasa: a zaɓi bututu mafi kyau, daga baya kuma aka riƙa zaunar da ƙarfen cikin katako da wani irin ƙaro don kada ya gusa, aka sa saitin baya mai rabin inci. Bindigar M14 da ta gaje ta a 1957 daga jikinta ta fito. Haka kuma BM59 ta kamfanin Beretta na Italiya, wadda aka ƙera a ma'aikatar makamai ta Kaduna da aka kafa a 1964.

Masu karatu za su zaci mutumin nan ya kuɗance. Ko anini bai samu ba bisa kowace bindiga, gama ya bar wa Gwamnati haƙƙin ƙirarsa. An kai shawara Majalisa a ba shi dala 100,000, ba ta wuce ba. Lambar girma dai aka ba shi a 1944. Ya yi ritaya a 1953, ya rasu a Springfield ran 16 ga Fabrairu 1974, yana da shekara 86.

Mu dai abin da ya fi kama mana hankali shi ne halinsa ran da aka kushe aikinsa. Bai tsaya musu da allon bara ba, gama gani ya kori ji. Akawun da mai binciken littattafai ya sami gibi a lissafinsa, da malamin da sufeto ya gwada yaransa suka faɗi, sun san zafin wannan rana. Garand ya koma ya nemi inda aibin yake, ya gyara, ya sake miƙa ta a gwada.