Malam Abdullahi na Gwandu da Ƙofar da Aka Rufe

Jama'a, waɗanda muka yi aji ɗaya za su tuna ranar da malaminmu na tarihi, Allah ya jiƙansa, ya kwashe mu a mota daga Talata Mafara zuwa Faru ta ƙasar Maradun, don mu ga inda Shehu Usmanu ya zauna yana wa'azi. Mu dai a lokacin rake da ƙosai ne suka dame mu. Sai da na tsufa sannan na gane cewa labarin ƙanen Shehu, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, shi ne malam yake so ya shiga kunnenmu.

An haifi Malam Abdullahi wajen 1766. Tun yana yaro yake karatu a gaban wansa, kuma tare suka yi kusan shekara biyar a Zamfara suna karantar da mutane. Da aka yi hijira a 1804, yana cikin manyan da suka ja runduna a Tabkin Kwatto. Ga ilmi, ga jarunta, ga kaifin alƙalami. Amma kuma mutum ne mai zafin zuciya a kan abin da ya ga ba daidai ba.

Wajen 1807 ya ga wasu daga cikin jama'a sun fara karkata ga mulki da dukiya, sai ransa ya ɓaci, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka. A Kano mutane suka tsare shi da roƙon ya karantar da su. Nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkam a kan yadda ake riƙon jama'a, ya yi musu tafsiri, daga baya ya juyo gida. Guduwa ta fi sauƙi, amma bai ƙarasa ta ba.

Babbar jarrabawar sai a 1817, da Shehu ya rasu. Kafin Malam Abdullahi ya iso Sakkwato an riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, kuma ya tarar da ƙofar gari a rufe. Ku duba fa: baffa ne, ya girme shi, da shi aka faro al'amarin tun Bello yana ƙarami. Ya juya, aka yi shekaru zumunci ya yi sanyi. Sai da mutanen Kalambaina suka tayar masa, Bello ya kawo masa ɗauki. Bayan an ci garin, Bello ya yunƙura zai sauka daga doki don girmama baffansa, sai Malam Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Abin da ya fi burge ni shi ne bai sake waiwayar maganar ba. Ya sakar wa ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu yawancin harkar mulki, ya koma ga karantarwa da rubutu har ya rasu a Gwandu wajen 1829.

To, ga dalilin da ya sa na ɗauko wannan labari. Kun san yadda na faɗi zaɓen sakataren ƙungiyarmu, na yi fushi na daina zuwa taro. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Fushin ya daɗe da hucewa, abin da ya rage nauyin jiki ne da kunya. Kullum takardar gayyata ta zo sai in ce baɗi. Har malamanmu biyu suka rasu ban je gaisuwa ba, don gudun haɗuwa da ku. Wannan shi ya fi ci mini rai.

A watan jiya na je gidan abokina da ya kayar da ni. Na yi ta zagaye unguwar kafin in iya yin sallama. Ya fito da buta a hannu, ya kira ni da sunan tsokanar da kuka laƙaba mini a aji ɗaya. Kuɗin ƙungiya da ake bi na, ma'aji ya ce in riƙa biya kaɗan-kaɗan, na kuwa fara.