Shekarar 1809 da Tutar Modibbo Adama

Bana mu 'yan ajin ƙarshe aka ɗora wa shafin tarihi, aka ce mu zaɓi shekara guda mu faɗi abin da ya faru a cikinta. Mun sha gardama kafin mu tsaya a kan 1809, wadda ta yi daidai da 1224 bayan Hijira. Wani a cikinmu ya ce shi abin da aka koya masa a boko game da wannan shekara shi ne Napoleon na Faransa ya ci Ostiriya da yaƙi. Haka ne. Amma mu a nan Garwa akwai abin da ya fi wannan kusa da mu, domin a shekarar ce Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, ya miƙa wa wani malami mai suna Adama tuta, ya ce ya koma ƙasar kudu.

Lokacin ƙasar Hausa tana cikin juyi. Shekara biyar ke nan da hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu. Kano da Katsina da Zazzau duk sun shiga hannun jama'arsa. A ƙarshen 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, sai ga Muhammadu Bello yana gina Sakkwato a 1809. Can gabas kuma Birnin Gazargamu na Borno yana ta sauya hannu. Labarin duk wannan ya iso bakin Binuwai da Faro, inda Fulani suka daɗe suna kiwo a ƙarƙashin sarakunan Bata da wasu ƙabilu, suna biyan kuɗin ciyawa. Kowane dangi da arɗonsa, babu mai jin maganar wani.

To wane ne Adama? An haife shi a Wuro Cekke a kashin ƙarshe na ƙarni na 18. Mahaifinsa Arɗo Hassana ne, daga dangin Ba'en, dangin da ba su kai Yillaga ko Wolarɓe yawan mutane da shanu ba. Ya fara karatu a gida, sannan ya ɗauki allonsa ya tafi Borno, ya zauna shekaru a gaban Malam Kiyari. Mu da ake kawo mana abinci daga gida ranar da karatu ya yi tsawo, sai mu tuna irin almajirancin wancan zamani: tafiyar makonni a ƙasa, baƙon gari, baƙon harshe. Da ya dawo ya tarar mahaifinsa ya rasu a wani rikici da Bata. Jama'a suka riƙa kiransa Modibbo, wato malam da Fulatanci.

Da arɗo-arɗon wannan yanki suka tura wakilai wurin Shehu, Modibbo Adama yana cikinsu, kuma shi aka zaɓa. A nan muka fi daɗewa muna tattaunawa a aji. Akwai waɗanda suka fi shi dakaru, akwai waɗanda suka fi shi dukiya da shekaru. Abin da yake da shi karatu ne. A ganinmu akwai kuma dabara a ciki: da an ba babban Yillaga, Wolarɓe ba za su bi ba, da an ba na Wolarɓe, Yillaga za su noƙe. Malami daga ƙaramin gida ya fi sauƙin karɓuwa ga kowa. Sarautar da aka ba shi ita ce Lamiɗo Fombina, fombina kuwa kudu ke nan. Sai dai shi bai bar sunansa na Modibbo ba har ya koma ga Allah. 'Ya'yansa ne aka riƙa kira Lamiɗo.

Ya fara zama a Gurin, bakin kogin Faro, inda aka yi masallacin nan na kara da mutanen garin suka yi ta sabuntawa tsara bayan tsara. Daga can yake ba manyan Fulani tutoci, kowa ya nufi ɓangarensa. Modibbo Damraka yana Marwa cikin ƙasar Giziga, Buba Njidda yana Rai, Hamman Sambo ya bi ta Camba har Tibati, Arɗo Njobdi ya hau tudu ya zauna a Ngaundare cikin ƙasar Mbum. Garinmu kuwa Modibbo Haman Njundi ne ya kafa shi a bakin Binuwai, Fali suna kan duwatsun Tingilin suna hangensa.

Kada a ɗauka komai ya tafi sumul. Tun farkon al'amarin Modibbo Adama ya kai yaƙi Mandara, ya shiga Dulo babban birninta, sarkinsu Bukar ya janye. Maimakon a tsare garin, sai mayaƙa suka dulmuya cikin kwasar ganima. Mutanen Mandara suka juyo musu, aka watse, shi kansa da ƙyar ya tsira. Mandara ba ta taɓa shiga hannunsa ba. Bata na dutsen Bagale kuma, ga su nan dab da Yola, sun tsaya kan bakansu har bayan rasuwarsa. Doki yana da ƙarfi a fili, amma ba ya hawa dutse.

Nasa ma ba su bar shi ya huta ba. Buba Njidda na Rai bai taɓa sakin jiki da biyayya ba. Hamman Sambo, da ya ga ƙasarsa ta yi faɗi, ya nemi tutar kansa kai tsaye daga Sakkwato, ko da yake a ƙarshe Tibati ta ci gaba da zama ƙarƙashin Yola. Wato mafi yawan rayuwarsa Modibbo ya yi ta ne yana lallashin mutanen da suka fi shi dawaki, yana kai da komo zuwa Sakkwato. Ya ga zamanin Shehu, wanda ya rasu a 1817, ya ga na Bello da na Atiku, ya riski na Aliyu Babba.

Akwai maganar da muka yi shawarar ko mu tsallake, malaminmu ya ce a rubuta. Yaƙe-yaƙen nan sun ci rayuka, an tashi garuruwa, an kama bayi masu yawan gaske, ana tura wasu Sakkwato cikin gaisuwar shekara, wasu a sayar. Ba duk wanda ya hau doki ne ya hau don addini ba, abin da ya faru a Dulo shaida ne. A ajinmu akwai jikan Bafulatani, akwai na Fali, akwai na Bata, akwai Babarbare da Bahaushe, duk a tabarma ɗaya. Ranar da muka karanta wannan ɓangare kowa ya yi tsit, don kowa ya san a wane gefe kakanninsa suke. Bayan an tashi dai tare muka yi alwala.

Mu Hausawan Garwa ta wannan ƙofa muka shigo. Da ƙasa ta haɗu a ƙarƙashin tuta guda, hanya ta buɗe wa fatake da malamai daga Kano da Katsina da Borno, masu tufafi da kanwa, masu neman hauren giwa da goro. Wanda ya zo fatauci ya yi aure, wanda ya zo ci rani ya kafa tsangaya. Ku dubi sunayen unguwanninmu kawai: Fulɓere, Hausare, Kollere.

Bayan Gurin Modibbo ya zauna a Ribaɗu da Joboliwo, sannan a 1841 ya kafa Yola. A 1847 Allah ya yi masa rasuwa, shekara 38 bayan karɓar tuta. 'Ya'yansa huɗu suka yi sarauta bi da bi: Lawal, Sanda, Zubairu da Bobbo Ahmadu. Lawal ne Bajamushen nan Barth ya tarar a Yola a 1851. Zubairu kuwa shi ya gamu da Turawa. Tun 1893 Ingila da Jamus sun raba ƙasar a takarda, Yola ta faɗa wa Ingila, mafi yawan Fombina ta faɗa wa Jamus. A 1901 Turawan Ingila suka fitar da shi daga Yola, ya gwabza da Jamusawa a nan Garwa cikin wannan shekara, ya sake gwabzawa da su a Marwa a farkon 1902, aka kashe shi a 1903 yana gudun hijira.

Yau akwai jihar Adamawa a Najeriya, akwai yankin Adamawa a Kamaru mai hedikwata a Ngaundare, jami'ar Yola ma sunansa take ɗauke da shi. Abin mamaki, mu a Garwa da muka fi Ngaundare kusa da Gurin, a taswira ba a Adamawa muke ba, yankin Arewa aka sa mu. Gurin ɗin kanta tana tsallaken iyaka, sai da takarda za mu je. Mun roƙi malamai, in Allah ya kai mu hutun rani lokacin da Faro ya janye, a kai mu mu gan ta da idonmu.

Allah ya jiƙan Modibbo Adama, ya gafarta masa da dukkan magabatanmu. Amin.