Labarin Charles Alcock, Magatakardan 'Yan Tamaula

Tamaular nan da samarin Karaye da Rogo ke bugawa da maraice, da can ba ta da tsari ɗaya, kowace makaranta a Ingila da tata doka. Cikin waɗanda suka gyara ta akwai Charles Alcock, wanda aka haifa a Sunderland cikin shekara ta 1842. Ya yi karatu a Harrow, ya buga tamaula, ya kuma buga kurket, wato wasan da ake jefa ƙwallo a make ta da katako. Abincinsa kuwa a bakin alƙalami yake, gama ɗan jarida ne, shi ya kafa jaridar Cricket a 1882.

A 1870 aka naɗa shi magatakardan ƙungiyar tamaula ta Ingila, ya riƙe aikin shekara 25. Shi ne ya kawo shawarar gasar kofi a 1871, kuma shi ne madugun Wanderers sa'ad da suka fara cin kofin a 1872.

Amma inda aka gwada halinsa, a kan maganar kuɗi ne. Doka ta hana a biya ɗan wasa lada. Wannan ba wuya ga ɗan mai dukiya irinsa, amma talaka mai aiki a masaƙun Lancashire, in ya bar aiki ya tafi wasa, me iyalinsa za su ci? Don haka ƙungiyoyi suka riƙa biya a ɓoye, manya kuwa suna yi kamar ba su sani ba. A 1884 aka fitar da Preston daga gasa bayan shugabansu ya amsa cewa yana biya. Da yawa cikin abokan Alcock suka so a tsananta hukunci. Shi kuwa ya san a kurket an daɗe ana biya a sarari, bai ga abin kunya ga mutum ya ci guminsa ba. A ganina ya yi daidai, gama dokar da ke koya wa mutane ƙarya ta fi kuɗin ɓarna. Ya tsaya a kan haka, ko da yake na gidansu ne ya saɓa wa, har aka halatta biyan a watan Yuli 1885, bisa sharuɗɗa.

Ya rasu a Brighton ran 26 ga Fabrairu 1907, yana riƙe da aikin magatakardan ƙungiyar kurket ta Surrey tun 1872.