Muhammadu al-Kashnawi: malamin Katsina da ya koyar da lissafi a Alƙahira

Yau tarihin wani malami na kawo muku, mutumin Katsina, wanda ya rasu a Masar kusan shekara ɗari uku da suka wuce. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi as-Sudani. Al-Kashnawi a bakin Larabawa na nufin Bakatsine, as-Sudani kuwa a wancan zamani na nufin mutumin Biladus Sudan, wato ƙasashen baƙar fata tun daga yamma har gabas. Ni malamin makaranta ne a Gedambaliya, kuma dalilin da ya sa na zaɓe shi shi ne aikinsa yana da alaƙa ta kusa da abin da muke fama mu koya wa yaranmu yau: yadda ake rubuta wa kwamfuta ɗan gajeren umarni ta aiwatar.

Katsina da Barno

Katsinar da ya tashi a cikinta gari ne na kasuwa da karatu. Ayarin raƙuma na shigowa daga Agadas da arewacin Sahara, da kaya da littattafai. A ƙarni na 17 garin ya yi manyan malamai irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. Saboda haka yaron da ya fito daga gidan karatu a Katsina a farkon ƙarni na 18 ya tarar da hanya a share: allo, sannan fiƙihun Malikiyya, nahawu, tauhidi, sai kuma tafiya neman malamai.

Yawancin abin da aka sani game da rayuwarsa ya zo ne ta hannun masanin tarihin Masar, Abdurrahman al-Jabarti, a littafinsa Aja'ibul Athar. Shi ya jero malaman da al-Kashnawi ya yi karatu a wurinsu kafin ya bar ƙasarsa. A cikinsu akwai Shaihu Muhammadu al-Wali ɗan Sulaimanu, malamin yankin Barno da Bagirmi, da Shaihu Muhammadu Bindu, wanda a hannunsa ya samu hisabi da ilimin awfaƙi. Ku lura da wannan: lissafin da ya je ya burge mutanen Alƙahira da shi, a ƙasarmu ta asali ya koyo shi, a zaure, a kan buzu.

Makka da Masar

A shekarar 1142 ta Hijira, wajen 1730 ke nan, ya sauke farali. Bai juyo gida ba, ya zauna a Makka na wani lokaci, kuma a can ya fara rubuta babban littafinsa, ad-Durrul Manzum, wanda ya gina a kan wani tsohon littafi da ake jingina wa Fakhruddin ar-Razi. Daga Makka ya wuce Alƙahira, inda ya kammala shi a 1146. A tsakanin nan, wajen 1732, ya rubuta Bahjatul Afaƙ, littafin da ya yi bayanin hanyoyin tsara lambobi a cikin gidaje. Ya kuma yi rubutu a kan manɗiƙi da nahawu, don haka ba mutumin fanni ɗaya ba ne.

A Alƙahira ya sadu da Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin shi wannan masanin tarihi. Shaihu Hasan babban malami ne a Azhar, sananne a ilimin falaki da lissafi, kuma asalin danginsa daga gabashin Afirka suke, can maƙwabtanmu. Duk da matsayinsa, ya zauna gaban Bakatsinen nan ya karɓi ilimin awfaƙi a wurinsa. Zumuncinsu ya yi ƙarfi har al-Kashnawi ya ƙare kwanakinsa a gidan Shaihu Hasan. Ya rasu a 1154, wato 1741, bayan ya bar wa mai masaukin nasa wasiyyar kula da littattafansa. A Alƙahira aka binne shi. Shi Abdurrahman bai riske shi ba, don an haife shi fiye da shekara goma bayan rasuwar, amma ya tashi a gidan da littattafan suke, shi ya sa sunan bai ɓata ba.

Mene ne wafaƙi?

Abin da Larabawa ke kira wafƙ, mu hatimi muka fi sani. Gidaje ne a jere, uku-uku ko biyar-biyar ko fiye, a sa lamba a kowane gida, ta yadda in ka tara kowane layi, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, jimilla ɗaya za ka samu. Mafi ƙanƙanta shi ne mai uku-uku, da lambobi daga 1 zuwa 9, kowane layi 15. Dattawa sun san shi da sunan Buduhu, saboda lambobin kusurwoyinsa 2 da 4 da 6 da 8 ne, waɗanda a lissafin abjadi su ne ba da dal da waw da ha.

Dole in tsaya a nan in yi magana a fili. Mutane da yawa a zamaninsa, har da shi kansa, sun haɗa waɗannan gidaje da asiri da taurari da laya. Malamai sun daɗe suna sukar wannan ɓangare, Ibn Khaldun ma ya sa shi a babin sihiri a cikin Muƙaddima. Ni ba mufti ba ne, kuma ba wannan nake kiran kowa zuwa gare shi ba. Lamba ba ta warkarwa, ba ta tsarewa, Allah ne mai yi. Amma a ƙarƙashin wancan akwai lissafi tsantsa, wanda kowa zai iya gwadawa da alƙalami ya tabbatar, kuma shi ne rabonmu. Masu nazarin tarihin lissafi ma wannan ɓangaren suka ɗauka. Wata malama Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta kawo aikinsa a littafinta na 1973 kan lissafin mutanen Afirka.

Hanya, ba amsa ba

Abin da ya sa al-Kashnawi ya cancanci a tuna da shi a ajin kwamfuta shi ne bai tsaya ga zana hatimi ɗaya ya ce a haddace ba. Ya rubuta ƙa'idojin da in ka bi su za ka gina hatimi mai gidaje mara, ko 3 ko 5 ko 7 ko 9, komai girmansa. Ina za ka fara, ina za ka taka, me za ka yi in ka fita daga gefe, me za ka yi in ka tarar da gida a cike. Wannan shi ne abin da ɗalibanmu ke karantawa da sunan khawarizmiyya a littattafan makaranta, kalmar da aka samo daga sunan Muhammadu ɗan Musa al-Khawarizmi, malamin Bagadaza na ƙarni na 9.

Bari in ba ku mafi sauƙin irin waɗannan hanyoyi, wadda ta yaɗu a duniya har wani jakadan Faransa, de la Loubère, ya wallafa ta a 1691. Zana gidaje tara. Sa 1 a tsakiyar layin sama. Daga nan kullum ka hau gida ɗaya, ka matsa dama gida ɗaya. In ka fita ta sama, ka ɓullo ta ƙasa. In ka fita ta dama, ka ɓullo ta hagu. In gidan da za ka shiga yana da lamba, to ka sauka gidan da ke ƙarƙashin lambar da ka rubuta yanzu. Shi ke nan fa.

Gwada. Daga 1 ka fita ta sama, sai 2 ta faɗa kusurwar dama ta ƙasa. Daga nan ka fita ta dama, sai 3 ta zauna a hagun layin tsakiya. Gidan gaba na 1 ne, a cike, don haka 4 ta sauka ƙarƙashin 3. Sai 5 a tsakiya, 6 a kusurwar dama ta sama, 7 a ƙarƙashinta, 8 a kusurwar hagu ta sama, 9 a tsakiyar layin ƙasa. Layin sama ya zama 8, 1, 6. Na tsakiya 3, 5, 7. Na ƙasa 4, 9, 2. Tara ta ko'ina, 15 ce. Mai biyar-biyar zai ba ka 65, mai bakwai-bakwai 175.

Daga allo zuwa kwamfuta

To, kun ga, yaron da ya iya bin wannan da alli ya riga ya riƙe ginshiƙai uku na rubuta umarnin kwamfuta. Na farko wurin ajiya: tuna layin da kake da gidan da kake. Na biyu maimaitawa: yi taku ɗaya sau tara, ko sau ashirin da biyar. Na uku sharaɗi: in gida a cike yake yi kaza, in babu kowa yi kaza. Duk manhajar da ke cikin wayarka, a kan waɗannan uku aka gina ta.

Da wannan nake fara wa ɗalibaina, kuma ba ma taɓa kwamfuta sai mun gama a allo. Bayan haka sai mu koma kan kwamfutar tebur, mu buɗe Python. Harshen kwamfuta ne da wani mutumin Holan, Guido van Rossum, ya fitar a 1991. Kyauta ne, in an sauke shi sau ɗaya ba ya bukatar intanet, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarsa. Yana zuwa da wani ɗan wurin rubutu mai suna IDLE. Ka buɗe sabon fayil, ka rubuta umarninka layi-layi, ka adana shi da suna mai ƙarewa da .py, ka danna F5, sai sakamako ya fito. Umarnin hatimi bai kai layi ashirin ba.

Abu biyu ne ke ba yara wahala. Na ɗaya, kwamfuta daga 0 take fara ƙirga, saboda haka layin sama shi ne layi na 0, kuma a hatimi mai biyar-biyar layin ƙarshe shi ne na 4. Na biyu, yadda za a gaya mata ta ɓullo ta ɗaya gefen. Maganinsa ragowar rabawa, wadda ake rubutawa da alamar %. In kana gida na 4 ka matsa dama ka zama 5, raba 5 da 5 ragowa 0, ka dawo farko ke nan. A Python ko ka hau sama ka zama ɗaya ƙasa da sifili, ragowar 4 za ta ba ka, wato layin ƙasa. Abin da malaman da suka yi bayani da doguwar jimla, alama ɗaya ta ɗauke shi.

Sai kuma ka ƙara wasu layuka da za su tara kowane layi su duba. Akwai ƙa'ida: ɗauki adadin gidajen gefe ɗaya, ninka shi da kansa, ƙara 1, ninka da adadin kuma, raba biyu. Na 3 ya ba 15, na 9 ya ba 369. Ka ba kwamfuta 101, kafin ƙiftawar ido ta cika gidaje 10,201, kowane layi 515,201. Sannan ka ba ta 4 ka gani. Jimillar ba za ta daidaita ba, domin hanyar ta masu gidaje mara ce kawai. Wannan ma darasi ne babba: kwamfuta ba ta da hankalin kanta, abin da ka ce shi za ta yi, ko daidai ko kuskure. Shi ya sa mai rubuta umarni dole ya san iyakar hanyarsa, ya kuma gwada.

Me ya shafe mu?

Kakanninmu sun iso wannan ƙasa a kan hanyar hajji, wasu kafin zuwan Turawa, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka biyo ɗansa Mai Wurno har bakin Shuɗin Nilu. A nan Gadarif an san mu da noman dawa da riɗi, da kasuwa, da khalwa. Alhamdu lillahi, ba abin kunya a ciki. Gedambaliya ma ai a nan aka fara noman inji a Sudan a shekarun 1940. Amma sau nawa yaro ya ce mini, ustaz, kwamfuta ba tamu ba ce, ta 'ya'yan Khartum ce, ta masu Turanci ce? Wallahi wannan magana ta fi rashin wuta illa, don wuta tana dawowa, amma yaron da ya yanke wa kansa hukunci da wuya ya dawo.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, makarantu da yawa a jihar nan sun zama masaukin waɗanda suka gudo, yara sun yi asarar karatu mai yawa. Iyaye na tambaya, da me za a fara? Ni dai amsata ita ce ba sai an jira ɗakin kwamfuta ba. Allo da gawayi sun isa a koya wa yaro bin matakai, da gano inda ya kauce, da sake gwadawa. Ranar da ya samu zama gaban kibod, ko na rabin awa ne a shagon buga takardu, ya san abin da ya je yi. Kuma amfanin bai tsaya ga wasa da lambobi ba. Wanda ya iya umarnin hatimi zai iya rubuta wanda zai tara makin ɗalibai sittin, ko ya lissafa buhunan riɗi da kuɗin leburori a ƙarshen kaka. 'Yan mata ma haka, kada a bar su a baya, a ajina sau da yawa su ke riga maza gano inda lissafi ya karkace.

Ga iyaye da malaman khalwa, roƙona shi ne ku ba yaran wannan tarihi. Ku gaya musu wani Bakatsine ya bar gida da ilimin da ya koya a zaure, ya je birnin Azhar, babban malami ya zauna a gabansa yana ɗaukar karatu. Sannan ku zana musu gidaje ashirin da biyar a ƙasa, ku ce su cika, kowane layi ya ba da 65. Wanda ya gama, a ƙara masa na bakwai-bakwai.

Allah ya jiƙan Malam Muhammadu al-Kashnawi, ya yafe masa kurakuransa, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sa wa karatun yaranmu albarka. Amin.