Denis Papin

Denis Papin (1647 zuwa 1713) likita ne kuma mai ƙirƙirar na'urori, ɗan ƙasar Faransa. An fi saninsa da tukunyar matsi da ya ƙera a 1679, wadda ta nuna cewa ruwan da aka tsare a cikin rufaffen mazubi yana wuce zafin tafasa ba tare da ya ƙafe ba.

Farkon rayuwa

An haife shi kusa da birnin Blois, kuma ya kammala karatun likita a jami'ar Angers a 1669. Bai daɗe a aikin likita ba. Ya zama mataimakin Christiaan Huygens a Paris, sannan a 1675 ya tafi Landan ya yi aiki da Robert Boyle.

Tukunyar matsi

Tukunyar ta ƙarfe ce mai murfi da ake ɗaurewa tam. Da yake tururi ba ya samun hanyar fita, sai matsi ya ƙaru, zafin ruwan ya haura digiri 100, har ƙashi ya yi laushi kamar nama. Papin ya tallata ta ne a matsayin hanyar ciyar da talaka da wuta kaɗan, hujjar da mai girki da karan dawa a ƙauyukan Bichi ko Ɗambatta, inda itace ke tsada, za ta fahimta nan take. Domin kada tukunyar ta fashe, ya sanya mata mafitar tururi da nauyi ke dannewa, wadda ke buɗewa da kanta idan matsi ya yi yawa.

Abin da ya fi girki muhimmanci shi ne abin da ke faruwa idan an sassauta matsin: wani ɓangare na ruwan yakan rikiɗe ya zama tururi nan take, ba tare da ƙarin wuta ba. Ruwan da ke ƙarƙashin matsi ninki goma na iska yakan kai kusan digiri 180, kuma idan aka sake shi, kimanin kashi 15 cikin 100 zai tashi tururi. Da wannan ne masana'antu ke tara ruwan zafin da ya fito daga injuna, su zuba shi a tanki mai ƙarancin matsi, su mai da tururin bakin aiki.

Ƙarshen rayuwa

Papin ɗan ɗarikar Furotesta ne, don haka bayan dokar 1685 da ta haramta ɗarikar a Faransa bai koma gida ba. Ya koyar da lissafi a Marburg ta Jamus, inda a 1690 ya bayyana injin fistin mai aiki da tururi. Ya koma Landan a 1707, ya tarar Boyle ya riga ya rasu, kuma bai samu mai ɗaukar nauyin ayyukansa ba. A 1712 Thomas Newcomen ya kafa injin tururinsa na janyo ruwa. Papin ya rasu cikin talauci, aka binne shi a Landan a watan Agustan 1713.