Miriam Hopkins: Jarumar da fim ɗinta ya tayar da ƙura a Hollywood

An haifi Miriam Hopkins ranar 18 ga Oktoba, 1902 a birnin Savannah na jihar Jojiya a Amurka. Ta fara da rawa da wasan dandali a New York kafin kamfanin Paramount ya ɗauke ta a 1930.

Tauraronta ya haska da wuri, amma a 1933 ne ta karɓi rawar da ta jawo ce-ce-ku-ce mai zafi. A fim ɗin The Story of Temple Drake, wanda aka ciro daga littafin Sanctuary na William Faulkner, ta fito a matsayin jikar wani alƙali da wani ɗan daba mai suna Trigger ya yi wa fyaɗe. Jarumi George Raft ya ƙi fitowa a matsayin ɗan daban, sai aka ba Jack La Rue.

Ƙa'idojin tace fina-finai na 1930 sun hana nuna fyaɗe ƙarara. Don haka darakta Stephen Roberts ya bi ta bayan gida: Trigger ya harbe saurayin da ke gadinta a rumbu, ya nufo ta, allo ya yi duhu, sai ihunta kawai aka ji. Sauran aikin fuskar Hopkins ce ta yi shi, domin daga nan ta koma shiru-shiru kamar wadda ruhinta ya fita. A ƙarshe ta harbe shi, ta kuma tona asirin abin da ya faru a gaban kotu, duk da sanin cewa mutuncinta zai zube a idon gari.

Malaman coci da jaridu sun yi ca a kan fim ɗin. Yana cikin waɗanda suka sa aka tsaurara tacewa a 1934 ƙarƙashin Joseph Breen, kuma ya ɓace daga sinima shekaru da dama.

Hopkins ba ta karaya ba. Fim ɗinta Becky Sharp na 1935 ya sa aka saka sunanta cikin masu takarar Oscar. Ta kuma fito da Bette Davis sau biyu, duk da cewa ba sa ga maciji da juna.

Ta rasu sakamakon bugun zuciya a New York ranar 9 ga Oktoba, 1972, saura kwana tara ta cika shekara 70.