Leopold Auer (1845–1930): Malamin Masu Goge

An haifi Leopold Auer a Veszprém ta ƙasar Hungari a shekarar 1845. Tun yana yaro ya kama koyon gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, ya kuma ƙaro ilimi a hannun Joseph Joachim a Jamus. A 1868 ya zama malami a makarantar kiɗa ta San Fitasbag a Rasha, inda ya shafe shekara 49.

A can ne ya yi kuren da har yau ake tunawa. A 1878 Tchaikovsky ya tsara wani babban kiɗan goge, ya sadaukar da shi gare shi, amma Auer ya ƙi kaɗa shi, yana ganin wasu sassansa ba su dace da goge ba. Adolph Brodsky ne ya fara kaɗa shi a 1881. Daga baya Auer ya sauko, ya koyar da shi ga almajiransa, irin su Mischa Elman da Jascha Heifetz, waɗanda suka zaga duniya da shi.

Juyin juya halin 1917 ya raba shi da Rasha. Ya koma Amurka a 1918, ya ci gaba da koyarwa har ya rasu a Jamus a 1930.